Kanada: Takaddamar kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa 'yan asalin ƙasa

A watan Yulin 2016 shugabannin Wapekeka, wani ƙaramin gari na 'yan asalin ƙasa a can arewacin lardin Ontariyo na Kanada, suka rubuta wa gwamnatin tarayya takardar neman kimanin dalar Kanada 376,000. Sun bayyana cewa wasu yaran garin na cikin haɗarin halaka kansu, don haka suna son ɗaukar ma'aikatan da za su riƙa kula da su. Kuɗin bai fito ba. A watan Janairun 2017 'yan mata biyu masu shekara 12 suka kashe kansu a garin. Hanzarin da ma'aikatar lafiya ta kawo shi ne, wai buƙatar ta iso a lokacin da bai dace da jadawalin kasafin kuɗi ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Kanada sun kai miliyan 1.8, kusan kashi biyar cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Sun kasu gida uku: al'ummomin farko, da Inuwit na yankin ƙanƙara, da Metis. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gano cewa tsakanin 2011 da 2016 yawan kashe kai a cikin al'ummomin farko ya ninka na sauran 'yan ƙasa sau uku, na Inuwit kuwa kusan sau tara.

Matsalar tana da tushe. Fiye da shekara ɗari gwamnati da coci-coci suna gudanar da makarantun kwana, inda aka kai yara kimanin 150,000, aka raba su da iyayensu, aka hana su magana da harsunansu, da yawa kuma aka ci zarafinsu. Sai a 1996 aka rufe ta ƙarshe da ke hannun gwamnatin tarayya. Yaran da suka tashi a can su ne iyaye da kakannin matasan yau. Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda Mai shari'a Murray Sinclair ya shugabanta, ta gabatar da shawarwari 94 a 2015, ciki har da kiran a amince da hanyoyin warkarwa na gargajiya a tsarin kiwon lafiya.

Abin da ake nufi da ba da shawara bisa al'ada shi ne kada a tsaya ga zaman ofis tsakanin matashi da baƙon likita. Ana haɗa ƙwararren mai ba da shawara da dattawan gari. Ana yin zaman da'ira, kowa ya faɗi damuwarsa ba tare da an katse shi ba. Ana fita da matasa daji na kwanaki, su koyi farauta da kamun kifi da jimar fata, a yi musu magana da harshen kakanninsu. Maganin asibiti yana nan ga mai buƙatarsa. Amma yaron da ya ji labarin abin da hukuma ta yi wa kakarsa ba zai yi saurin buɗe cikinsa ga wanda hukuma ta turo ba.

Wannan ba zance ne na son gargajiya kawai ba. A 1998 masana biyu, Michael Chandler da Christopher Lalonde, suka wallafa binciken da suka yi kan al'ummomi kusan 200 a lardin Biritish Kolombiya. Sun tarar cewa inda jama'a ke riƙe da ragamar mulkinsu da makarantunsu da asibitocinsu, suke kuma da wuraren raya al'ada, kashe kai tsakanin matasa ya yi ƙasa ƙwarai, a wasu garuruwan ma babu shi sam. Wani binciken na 2007 ya nuna haka abin yake inda aƙalla rabin mutane ke iya hira da harshensu.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kuɗin ke zuwa. Galibin tallafin na shekara ɗaya zuwa uku ne, kuma sai gari ya cika takardu ya yi gogayya da wasu garuruwan. Ƙaramin gari da ba shi da gwanin rubuta takardar neman tallafi, wanda sau da yawa shi ya fi shiga uku, shi ne ake bari a baya. In wa'adin ya ƙare, ma'aikacin da yara suka fara sabawa da shi sai ya tattara kayansa. An ga haka da Gidauniyar Warkar da 'Yan Asalin Ƙasa, wadda aka kafa a 1998 da dala miliyan 350. Ta tallafa wa ayyuka a faɗin ƙasar, amma kasafin 2010 bai sabunta kuɗinta ba, ta rufe a 2014.

Sau da dama kuma sai bala'i ya auku sannan aljihun gwamnati ke buɗewa. A watan Afrilun 2016 garin Attawapiskat ya ayyana dokar ta-ɓaci bayan mutum 11 sun yi yunƙurin kashe kansu a dare ɗaya. Bayan wata biyu Firaminista Justin Trudeau ya sanar da dala miliyan 69 na shekara uku, daga baya kuma aka buɗe layin waya na dare da rana, wanda baya ga Ingilishi da Faransanci ake iya neman mai magana da harsunan Kiri da Ojibwe da Inuktitut.

Hanyar da ta fi ƙarfi a shari'ance ita ce Ƙa'idar Jordan. Sunan Jordan River Anderson ne, yaro daga Manitoba da ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara biyar, gwamnatin tarayya da ta lardi suna ta jayayya kan wanda zai biya kuɗin jinyarsa a gida. Ƙa'idar ta ce hukumar da aka fara tunkara ta biya, a yi lissafi daga baya. Majalisar wakilai ta amince da ita a 2007, sai dai ba ta yi aiki sosai ba har 2016, lokacin da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Kanada ta yanke hukuncin cewa gwamnati na nuna wa yaran al'ummomin farko wariya.

Bayan abin da ya faru a Wapekeka, a ƙarƙashin wannan ƙa'ida aka ƙirƙiro shirin Zaɓi Rayuwa a 2017, domin garuruwa 49 na ƙungiyar Nishnawbe Aski su samu kuɗin ayyukan matasa cikin hanzari. Kotun ta gindaya awa 12 don amsa buƙatar gaggawa ta yaro guda, awa 48 kuma in ta rukuni ce. Duk da haka, a ƙarshen 2024 sai da ta sake umartar gwamnati ta magance dubban buƙatun da suka maƙale ba a amsa ba.