Wace Tirela Ce ta Dace da Ɗaukar Babura?

Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suke cikin yajin aikin nan da ya ɗauki wata takwas, ina zaune a Legas wajen yayana wanda yake sana'ar acaɓa. A ranar 1 ga wannan wata ne gwamnatin jihar ta hana acaɓa baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, kafin a ƙara wasu huɗu a watan Satumba. Baburan da aka kama kuwa murƙushe su aka riƙa yi a bainar jama'a. Ganin haka sai yayana da wasu 'yan garinmu daga ƙasar Haɗeja suka yanke shawarar su mayar da baburansu gida, domin babur ɗin nan shi ne jarin kowannensu, wasu ma ba su gama biyan kuɗinsa ba. Da yake ni ne ɗan boko a cikinsu, sai aka miƙa mini biro da takarda aka ce ni ne magatakarda.

Abin da na koya a wannan hidima shi ne nake son in ɗan gutsura wa 'yan uwana ɗalibai, domin da wuya a sami ɗayanmu da ba shi da wa ko ƙane ko kawu da yake ci da babur.

Me ake nufi da tirela?

Ya kamata mu fara da kalmar kanta, tunda harshe muke nazari. Daga Ingilishi muka aro ta, kuma a can tana nufin duk wani abu mai taya da ba shi da inji, wanda wata mota take ja. Ƙaramin akwati mai taya biyu da Bature yake ɗaura wa motarsa ta hawa ya ɗora babur ɗaya ko biyu, shi ma sunansa ke nan. Amma da kalmar ta shigo Hausa sai ma'anarta ta koma kan babbar motar nan mai kai daban da bodi daban, har muke haɗa kan da bodin mu kira su tirela. Wannan misali ne mai kyau na yadda kalmar aro take sauya ma'ana idan ta sami sabon gida. A wannan maƙala zan fi mayar da hankali a kan tirelar da Bahaushe ya sani, daga baya in ɗan taɓa ƙaramar.

Babur kayan fili ne, ba kayan nauyi ba

Kuskuren farko da muka yi shi ne tambayar da muka riƙa yi wa direbobi: "Tan nawa motarka take ɗauka?" Wani dattijon direba ne ya gyara mana. Ya dube ni ya ce, "Yaro, siminti za ku ɗora ko babur? Ku tambayi faɗin ƙasan mota, ku bar maganar tan."

Da na zauna na yi lissafi sai na ga gaskiyarsa. Babur irin Bajaj Boxer da 'yan acaɓa suka fi amfani da shi nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, tsawonsa kuma kusan mita 2 ne. Bodin babbar tirela mai ƙafa 40 tsawonsa kimanin mita 12 ne, faɗinsa kuma bai cika mita biyu da rabi ba. Idan aka jera babura a tsaye, aka juya kan wannan gabas na kusa da shi yamma domin kada hannuwansu su sarƙe, aka bar wa kowanne rabin mita, abin da za a samu bai wuce 24 ba. Nauyinsu duka bai kai tan 3 ba, alhali motar tana iya ɗaukar tan 30. Wato ƙasan mota zai cika tun ba ta san an ɗora mata kaya ba.

A nan ne matsala take tasowa. Direba yana ganin motarsa ba ta ji nauyi ba, ɗan kamasho yana son ƙarin kuɗi, masu babura kuma suna son a raba kuɗin mota tsakanin mutane da yawa. Sai a fara kwantar da babura ana ɗora wasu a kan wasu kamar buhunan albasa. Sabon babur da yake cikin kwalinsa, wanda ba a haɗa ba, kamar waɗanda 'yan kasuwa suke saro wa daga Legas ko Nnewi, shi ana iya jera shi hawa-hawa, domin ba mai a cikinsa, kuma akwai abin da ya tallafe shi a cikin kwalin. Amma babur ɗin da aka riga aka haɗa, in aka kwantar da shi na tsawon kwanaki, baƙin mai yana iya gangarawa inda bai kamata ba, fetur ya tsiyaye, batir mai ruwa ya zubar da ruwansa, tanki ya lotsa, hannun birki da madubi su karye.

Ire-iren motocin da ake samu

A Legas motar da za ta Arewa ba ta wuya. Kullum manyan motoci suna sauke tumatir da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12, wasu suna sauke dabbobi a mayankar Oko-Oba da ke Agege, kuma ba direban da yake son ya koma wayam. Saboda haka kuɗin komawa ya fi sauƙi. Sai dai kowace mota da halinta.

Akwai tirela mai bango da ƙarafa a sama, irin ta shanu da hatsi. Ita ce ta fi dacewa, domin bangon yana tare kaya, kuma ga wuraren ɗaura igiya ko'ina. Abin dubawa a nan shi ne me ta sauke. In shanu ta kawo, sai an wanke ta an bari ta bushe, domin kashi da fitsarin dabba suna sa taya ta zame, kuma suna sa ƙarfe tsatsa. Haka ma wadda ta ɗauko gishiri ko takin zamani.

Akwai mai shimfiɗaɗɗen baya marar bango, wadda ake ɗora wa kwantena ko rodi. Wannan ba ta dace ba sai in dole, saboda igiya kaɗai ce tsakanin babur da kwalta. Ranar da igiya ɗaya ta tsinke a kan kwana, an yi asara, kuma an jefa na baya cikin haɗari.

Akwai kwantena ko mota mai rufaffen bodi. Tana kare kaya daga ruwan sama da idon ɓarayi, amma tana tara tururin fetur, ga zafi, kuma wasu ba su da isassun wuraren ɗauri a ciki. Duk mai son amfani da ita sai ya tsiyaye man kowane babur tas.

Sannan akwai ƙananan motoci irin su Kanta da a-kori-kura. In baburan ba su wuce shida ko takwas ba, Kanta ta fi tirela, domin ƙasanta bai yi tsawo daga ƙasa ba, lodi da saukewa sun fi sauƙi, kuma tana iya shiga har ƙauye inda tirela ba za ta iya juyawa ba.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Abu na farko, a hau motar a taka ƙasanta da ƙafa. Katakon da ya ruɓe ko ƙarfen da ya huje ba zai riƙe taya ba. Na biyu, a ƙirga wuraren ɗauri, domin kowane babur yana son ɗauri huɗu, biyu gaba biyu baya. Na uku, a duba tayoyi da fitilu da tamfol, a kuma tambaya ko akwai safaya. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, ta Ibadan da Ogbomosho da Ilorin da Jebba da Mokwa, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san gargadar da ke cikinta. Na huɗu, a san yadda za a hau da babur da yadda za a sauke shi. Bodin tirela ya kai ƙirjin mutum tsawo, don haka ana bukatar katako mai kauri da tsawo, ko kuma a sami tudu a jingina bayan motar. Na biyar, a san direban da tashar da yake lodi, a yi ciniki a gaban shugabannin tasha, a rubuta lambar mota. Kuma a yi magana ƙarara a kan ko zai ƙara wasu kaya a hanya, domin wanda ya ɗora buhu a kan tankin babur ba shi zai biya gyara ba.

Wajen ɗauri kuwa, a rage fetur, a rufe makunnin mai, a cire madubai, a cire wayar batir, a sa babur a giya. Kada a dogara da jak ɗinsa, domin girgizar hanya tana iya lanƙwasa shi ko ya huda katako. A tokare tayar gaba da katako, a ja igiya har shokozoban gaba su ɗan nutse, amma kada a danne su gaba ɗaya. A sa tsohuwar taya ko kwali tsakanin babur da babur. Bel mai maƙalli irin na manyan motoci ya fi igiyar roba, saboda roba tana miƙewa. Bayan an ɗan taɓa tafiya a tsaya a sake ɗaurewa, domin a farkon tafiya ne ɗauri yake saki.

Takardu da fasinja

Motar da ta cika da babura tana jan idon jami'an tsaro a kowane shinge, musamman da yake 'yan bindiga da babura suke kai hari a wasu sassan Arewa, ga kuma matsalar satar babura. A watan Agustan 2019 jami'an jihar Legas sun tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, aka tsare su aka yi bincike kafin a sake su. Saboda haka aikina na magatakarda shi ne in rubuta sunan kowane mai babur, da lambar babur, da lambar inji da ta shasi, in haɗa da kwafin rasit da sauran takardu, in ba direba ɗaya mu riƙe ɗaya. Babur ɗin da ba shi da takarda muka ƙi ɗaukarsa, domin shi kaɗai ya isa ya sa a tsare mota da duk abin da ke cikinta.

Maganar fasinja ita ce ta fi kawo mana gardama. Kowa yana son ya hau saman kaya ya bi babur ɗinsa, ya huta da biyan kuɗin bas. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan haɗa mutane da kaya ko dabbobi a tirela, kuma dalilin a fili yake. In mota ta kife, ko direba ya taka birki da ƙarfi, ƙarfe mai kilo 100 ba ya tambayar wane ne mai shi. Na ce wa yayana, "Yaya, in babur ya lalace a gyara, kai fa?" Ya yi dariya ya ce, "To Malam, mun ji." A ƙarshe mutum biyu aka wakilta suka zauna a gaba tare da direba, saura suka bi bas.

Ƙaramar tirela ta bayan mota

A Turai da Amurka mai babur ɗaya ko biyu yakan sayi ko ya yi hayar ƙaramar tirela ya ja da motarsa. A nan ma akan ga masu walda sun ƙera irinta. Ƙa'idojinta kaɗan ne amma masu muhimmanci. A haɗa nauyin tirelar da na babur a tabbatar bai wuce abin da kamfanin motar ya ce tana iya ja ba. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta. A sa mafi yawan nauyi a gaban gatarin taya, yadda kimanin kashi 10 cikin 100 zai sauka a kan mahaɗar da ke bayan mota, domin in nauyi ya koma baya tirela takan fara lilo har ta kwashe motar. A tabbatar akwai sarƙar tsaro, da fitilun birki da sigina masu aiki, da abin tokare tayar gaba.

Kammalawa

Mu dai ba mu tsira gaba ɗaya ba. Babura 17 muka tara, aka sami wata tirelar albasa mai kyau. Amma mutum huɗu daga cikinmu suka ga kuɗin ya yi musu yawa, suka ware suka bi wata motar da ta yi musu rangwame, aka kwantar da nasu a kan wasu. Namu 13 sun isa gida ba abin da ya same su sai ƙura da fitilar sigina ɗaya da ta fashe. Nasu kuwa, biyu sun sauka da lotsattsen tanki, ɗaya sai da bakanike ya buɗe injinsa, kuma kuɗin gyaran ya ninka abin da suka rage. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Don haka duk wanda aka nemi shawararsa a kan irin wannan tafiya, ya tambayi fili kafin nauyi, ya duba wurin ɗauri kafin farashi, ya tanadi takardu kafin a tayar da mota, kuma kada ya yarda ɗan uwansa ya kwana a kan kaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a cikin neman kowa, amin.