Fadama ko Kan Iyaka: Zaɓin Saurayin Kalmalo

Saurayin da ya tashi a Kalmalo, idan ya kai munzalin neman na kansa, hanyoyi biyu ne suka fi kusa da ƙafarsa. Ɗaya ta gangara bakin tafki, wurin noman rani. Ɗaya ta miƙe zuwa Illela, inda kasuwa take, inda kuma shingen kwastan ya raba Najeriya da Nijar, Birnin Ƙonni na can gaba kaɗan. Akwai masu takardar makaranta da ke jiran aikin gwamnati, akwai masu tafiya cin rani Legas ko Fatakwal, amma gardamar da ta fi zafi a zaure da teburin mai shayi a kan waɗannan biyu take: a duƙa, ko a hau babur.

Masu hawa babur hujjarsu mai ƙarfi ce: kuɗin kan iyaka kafin magariba yake shiga aljihu. Dattawa kuma su ce na duƙe shi ne mai tabbas, ciniki kuwa yau naka gobe na wani. A ganina kowane ɓangare ya ɗora awonsa a inda bai dace ba, domin babu mai tabbas a cikin biyun. Abin da ya raba su shi ne yadda asara take zuwa wa mutum a kowace hanya, da abin da take bar masa a hannu bayan ta wuce.

Mu fara da fadama. Ruwan tafkin Kalmalo daga ƙetare yake zuwa. Yana tasowa daga tuddan Adar a ƙasar Nijar, ya biyo kwarin Majiya, ya ratsa ƙasar Ƙonni, sannan ya zube a nan. Tun da Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango domin shayar da gonakin noman rani na Ƙonni, sai ruwan ya biya bukatar can kafin ragowarsa ta tsallako. Farin 1973 da na 1984 sun riga sun koya wa mutanen yankin cewa ruwan da aka gada ba alkawari ba ne. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yadda za su raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, har da na Majiya, amma takarda ba ta sa hadari ya haɗu. Shekarar da damina ta yi albarka tafki ya cika, a kama kifi, a riƙa bin ruwa da shuka yana janyewa. Shekarar da ta yi rowa kuwa, sai a bi shi cikin ƙasa da rijiya da inji.

Manomin albasa yakan zuba iri a ƙarshen damina, ya yi renonsa na wasu makonni, sannan ya cire ya dasa a fangali sa'ad da sanyi ya fara shigowa. Daga nan ɗawainiya ta fara. Da asuba, hunturu na yankan fuska, zai ja igiyar inji, ya tsaya da fartanya a bakin hanyar ruwa, ya buɗe wa wannan fangali, in ya sha ya toshe da laka ya buɗe wa na gaba. Kowane ban ruwa fetur ne, kowane taki kuɗi ne, kuma ko sisi ba zai shigo ba sai bayan wata uku zuwa huɗu. Ranar da ganye ya kwanta ya tone tasa, a makon ne kowa ma yake tone tasa, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi warwas. Mai hali ya zuba a rudu ya jira ta yi daraja wajen ƙarshen shekara, yana dubawa yana tsince ruɓaɓɓu. Wanda bashin taki ya shaƙe wa wuya kuwa, dole ya sallama yadda dillali ya yanka.

Wahala ce, ba mai musu. Sai dai asarar fadama takan yi sallama kafin ta shigo. Tun damina ba ta ɗauke ba manomi ya san ko tafki zai cika. Tun kafin dashe ya san kuɗin buhun taki da na litar fetur. Yana da sararin rage fangali, ko ya koma tumatir da tattasai, ko ya haƙura da ranin bana ya dogara da gero da waken da ya kai rumbu. In ma shekarar ta ɓaci gaba ɗaya, gonar tana nan inda ya bar ta.

Kan iyaka kuwa sana'o'i ne birjik. Ga ɗan kabu-kabu mai kai fasinja Ƙonni ya dawo da wani. Ga ɗan dako. Ga dillalin kara da ke jiran Lahadi, ranar kasuwar Illela, lokacin da shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga arewa, tireloli na jiran lodin Kudu. Ga masu ɗaure jarkoki a babur su bi ta daji, waɗanda hukuma ke kira 'yan fasa-ƙwauri. Ga ɗan canji a kan benci, damin naira a hannu ɗaya, saifa a ɗaya, waya maƙale a kunne. Ba zai faɗa maka nawa jaka take ba sai ya ji yadda aka tashi a Wapa ta Kano, kuma abin da ya faɗa da hantsi ba lalle ya maimaita shi da la'asar ba. Dukansu daga wuri ɗaya suke ci: tazarar farashi tsakanin nan da can. Muddin abu ya fi araha a gefe guda, mai tsallakar da shi ba zai kwana da yunwa ba.

Matsalar ita ce ba a Illela ake yanka wannan tazara ba. Sa hannun mutum ɗaya a Abuja ko Yamai ya isa ya shafe ta. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. A Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar saifa da rabi, wanda ya kwana da ita a aljihu ya tashi jarinsa ya zube. A Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyakoki har Disamban 2020, a tsakani kuma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ribar jarka ta tsuke. Ba a gama wannan jimami ba, ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sauke shinge, tireloli suka yi jerin gwano kaya na lalacewa a ciki, har zuwa Maris na 2024. Ko bayan buɗewar, Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da layyar 2025. A cikin waɗannan duka babu wadda ta yi sallama. A rediyo ake ji, bayan an riga an zuba jari.

Wannan ba ya nufin fadama ta yi nasara. Kan iyaka tana da abubuwan da gona ba ta bayarwa. Kuɗinta yana juyawa sau da yawa kafin albasa ta yi kai. Tana raba yaro da jiran sai abin da maigida ya gutsura masa daga gandu, ya yi lefensa da guminsa. Tana kuma koya masa mutane: ya san wanda zai ba shi kaya a Ƙonni bisa amana ba tare da rubutu ba, ya iya lissafin dala da jaka, ya san yadda ake magana da jandarma da ma'aikacin duwan. Wannan sanayya dukiya ce ta gaske, sai dai ba ta haihuwa in kasuwa na rufe. Ga kuma gaskiyar da masu wa'azin komawa gona ba su cika faɗa ba: gado ya yayyanka gonaki, gidan da ya tara 'ya'ya maza da yawa abin da zai faɗo wa kowane ba ya ciyar da iyali. Wanda ba shi da ko taki ɗaya a bakin tafki, ce masa ya rungumi noma kusan ba'a ce, sai fa in zai samu aro ko haya. Rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato kuma bai bar kowa ba; mai gona a bayan gari da mai bin hanya da kuɗi a jiki duk a tsorace suke.

Bugu da ƙari, hanyoyin biyu a sarƙe suke. Injin ban ruwa fetur yake sha, don haka dokar kilomita 20 da aka yi domin mai jarka, manomin da bai taɓa tsallaka iyaka ba shi ma ya ɗanɗana kuɗarta. Albasa kuma ba a cinye ta a gida. Sai ta hau mota. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, fataken abinci da dabbobi sun dakatar da kai kaya Kudu na ɗan lokaci, kuma duk sa'ad da mota ta tsaya, a bakin gona farashi yake fara karyewa. Saboda haka gidajen da suka fi jure girgiza su ne waɗanda suka raba ƙafa: wa yana fangali, ƙane yana kan babur, ko mutum ɗaya ya yi damina a gona, ya yi ranar kasuwa a kara. In iyaka ta rufe a ci daga rumbu, in tafki ya ƙafe a ci daga aljihu.

A nan ne nake ganin ainihin ma'aunin yake. Tunda ba wanda ya san abin da gobe za ta haifa, tambayar da ta fi amfani ga saurayi ita ce: in na bi wannan hanya ta ɓaci, zan iya juyowa? Mafi yawan matakan da zai ɗauka suna da hanyar dawowa. Wanda ya gwada kabu-kabu da babur na haya bai ji daɗi ba, ya mayar da makulli. Wanda ya yi noman rani ɗaya ya faɗi, ya nemi dako ya biya bashi. Mataki guda ne ba ya warwaruwa, shi ne sayar da gona domin a yi jari. Zancen kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, a yanka mini rabona in sayar in sayi babur, cikin shekara zan mayar da kuɗin." Uban ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, in aka rufe fa?" Yaron yana da gaskiya cewa babur zai kawo kuɗi gobe. Uban kuma ya ga rufewa fiye da sau ɗaya da idonsa. Babur yana tsufa tun ranar da aka fito da shi daga kwali, ana iya ƙwace shi a shinge ko a daji, alhali gonar da ta bar hannu da wuya ta dawo a kuɗin da ta tafi. Balle yanzu da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagry a Oktoban 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Ko yaushe aka gama ta, mai fili a wannan yanki ba shi da dalilin gaggawar rabuwa da shi. In matsi ya kai matsi, jingina ta fi sayarwa, domin tana barin damar fansa.

Shi ya sa magabata suka haɗa istihara da shawara. Addu'a tana kwantar da zuciya a kan abin da ba a sani ba, shawara kuma tana fito da abin da aka riga aka sani, wanda zumuɗin ƙuruciya kan rufe wa ido. Kuma abin da aka sani a Kalmalo ba kaɗan ba ne: tafki yana cika yana janyewa, iyaka tana buɗewa tana rufewa, kowanne kuma zai sake.

Idan aka tilasta mini in fifita ɗaya, zan ce mai gona ya riƙe ta a matsayin tushe, ya nemi na cefane a kan iyaka da jarin da in ya nutse ba zai ja gidan duka ba. Marar gona kuma ya shiga kasuwa da ƙarfinsa, ta hanyar da ba sai ya yi wasan ɓuya da kwastan ba, amma ya ɗauki kowace shekarar buɗewa a matsayin rance: ya yi adashi, ya ajiye 'yar tunkiya, ribar farko mai kauri kuma ya nemi fili da ita tun shinge yana sama.