Kwamfutar gwanjo marar faifan ajiya ba ta zama shara ba

'Yan kasuwar da ke sayen kwamfutocin gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano sun san wannan matsala: a buɗe kaya a tarar da wasu babu faifan ajiya a cikinsu, wanda masu gyara ke kira had-dis. Kamfanonin Turai kan cire shi kafin su rabu da kwamfutar, domin kada sirrinsu ya faɗa hannun wasu. Sai ka ga ɗan kasuwa ya karyar da ita a kan kuɗin ƙarfe.

To, akwai hanyar da irin wannan kwamfuta za ta yi aiki. Ana tanadar kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, wato uwar garke, a haɗa sauran da ita da wayar sadarwa. Da an kunna marar faifan, sai ta yi cigiya a kan layi, uwar garken ta ba ta lamba, sannan ta turo mata manhajar da za ta tashi da ita. Ana kiran tsarin PXE, kuma kamfanin Intel ne ya tsara shi, ya fitar da ingantaccen samfurinsa a 1999. A shekarar ce kuma aka fara shirin LTSP, wanda ke ba da wannan dama kyauta a kan manhajar Linux.

Masu buƙatar irin wannan kaya su ne makarantu da shagunan intanet da wuraren koyar da kwamfuta. Ana sa manhaja sau ɗaya kowa ya samu, kuma ko ɓarawo ya ɗauke guda, bai tafi da bayanan kowa ba.

Sai dai a yi hattara. Ranar da uwar garken ta lalace, ko wuta ta ɗauke mata, duk ɗakin ya tsaya cik. Dole a tanadar mata batir ko sola, a kuma ajiye kwafin bayananta a wani wuri.

Saboda haka kafin ka saya, ka kunna ta ka gani. Ka duba ko tana da ramin wayar sadarwa, ka danna F12 tana tashi, domin a yawancinsu nan ne zaɓin tashi ta layi ke fitowa. Idan za ka sayar kuwa, ka gaya wa mai saye gaskiya: babu faifan ajiya a cikinta.