Direban Kwangila: Da Agogo Yake Tsere

Tseren motoci iri biyu ne. A Formula 1 gaba ɗaya ake sakin motoci, kowa na neman shan gaban ɗan'uwansa. A gasar Dakar kuwa, wadda aka fara a ƙarshen 1978 kuma ta sha ratsawa ta Agadas, ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, wanda ya ci lokaci kaɗan shi ne gwani ko da bai wuce kowa ba. Aikin direban haya na Kwangila da ke Zariya irin na biyun ne, ko da yake wasu samarin direbobi ba su yarda ba.

A gindin gadar Kwangila hanyar Kano da ta Kaduna suka haɗu da wadda ta bi ta Samaru zuwa Funtuwa da Sakkwato, don haka fasinja ba ya yankewa. Daga wankin mota ake shiga sana'ar. Yaro zai daɗe a hannun maigidansa yana ɗaure kaya, yana duba baƙin mai da ruwan lagireto, yana koyon gane ciwon inji daga kukansa, kafin a miƙa masa sitiyari. Sai lasin, sai neman mai motar da zai yarda da shi. Motocin, su Sharon da Golf, yawanci 'yan Kwatano ne, sun sha jiki tun a Turai, shi ya sa bakanike da mai faci suka zama abokan cin abincinsa.

Da Asuba direba yake kai lamba wurin 'yan yuniyon, ya bi layi. A nan lokaci yake ƙonewa. Mota ba ta tashi sai ta cika, ɗan kamasho na ta "Kano, saura mutum ɗaya!" rana na ɗagawa. Kafin kuɗin fasinja su ɗumama a aljihu an cire kamasho da kuɗin yuniyon, sauran kuma gidan mai ke jiransu. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

To, ga lissafin da tsofaffin hannu suka daɗe da ganewa. Daga Zariya zuwa Kano kusan kilomita 137 ne. A gudun kilomita 90 a awa, iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa motar haya a babban titi, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Mai taka 120, yana wuce duk wanda ya gani daga Tashar Yari har Kura, minti ashirin da 'yan kai kawai ya rage. Ya sha mai, ya cinye birki da taya, sannan ya isa tashar Unguwa Uku a Kano ya zauna jiran layi.

Ba a ce kada a wuce tirela ba, wucewar ma ilimi ce. Ka duba madubi, ka sa sigina, ka rage giya don mota ta ja, kuma ba a kwana ko kan tudu ba. Direban babbar mota kan kunna siginar hagu ya ce dakata, ta dama ya ce bismilla. Lokacin aikin titin Zariya zuwa Kano da aka fara a 2018, da aka haɗe motoci a hannu ɗaya, gaggawar wuce juna ta ci rayuka da yawa, kuma har yau abin yana damuna idan na ga yaro ya kutsa tsakanin tanka biyu da mutane a bayansa.

Gwanin direba tun da dare yake cin lokacinsa: ya yi juyen mai, ya gwada iska, ya ɗaure abin da ya kwance, don kada mota ta tsaya masa a Kwanar Dangora. Da yamma ya ware balas na mai mota, abin da ya rage na cefane ne. Ranar da taya ta fashe ko kuloci ya ƙone, tarin kwanaki ne ya tafi, balas kuwa yana nan ba a yafe ba.