Wace Bishiya Raƙumin Dawa Yake Ci?

A shekarar 1996 aka ƙirga raƙuman dawan da suka rage a yankin Koure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, aka samu 49 kacal. Su ne ragowar wani iri da a da yake kiwo tun daga Senegal har gaɓar Tafkin Cadi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai adadinsu ya haura 600. Hana farauta ya taimaka ƙwarai, amma doka ba ta cika ciki, kuma babban raƙumin dawa kan ci ganye wajen kilo 30 a yini. Da damina garken yana kan tudun Koure yana cin geza da sauran itatuwan fako. Rani na yi sai ya gangara kwarin Dallol Bosso, cikin gonakin mutane, inda gawo yake. Gawo dai bishiya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: ruwa na sauka ta kakkaɓe ganyenta ta bar wa gero rana, sai kowa ya bushe sannan ta yi kore shar. A lokacin za ka ga dabbar ta miƙa wuya, ta zura dogon harshenta tsakanin ƙayoyi tana tsige ganye, awaki kuma na ƙasa suna tsintar 'ya'yan da suka zubo.

Abin da dabbar ke ci shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora duk ƙungiyar da ta zo da kuɗi tana cewa za ta dasa itatuwa don namun daji su dawo. Yawan dashen da aka binne ranar biki ba ya gaya mana komai. Abin dubawa shi ne irin bishiyar, da mai ita, da ko tana nan bayan rani uku. Ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawan Nijar, wadda gidan namun daji na Doué-la-Fontaine a Faransa ya daɗe yana tallafa wa, ta haɗa dashen itatuwa da haƙa rijiyoyi da ba mata ƙaramin rance. Dalilinta a fili yake. Dajin da dabbar take ci shi ne dajin da ake sara a kai Yamai a sayar da itacen girki, kuma mai gatari ba zai ajiye shi ba sai ya ga wata hanyar samun na cefane.

A ƙasashenmu idan aka ce dashe, darbejiya ke fara zuwa rai, wadda wasu ke kira dogon yaro, mutanen Nijar kuma bedi. Daga Indiya ta fito, bishiyar turare da ita ma ake yawan dasawa kuma daga Ostireliya. Ba wanda zai raina inuwar darbejiya a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, kuma layukan da ƙungiyar CARE ta dasa a kwarin Majiya ta jihar Tawa tun 1975 sun kare gonaki daga iska. Sai dai inuwa daban, mazaunin dabba daban. Masana daga Holan ƙarƙashin Leo Zwarts sun yi shekaru suna bin yankin Sahel bishiya bayan bishiya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sun tarar tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai lokacin hunturu sun fi taruwa a kan itatuwan gida masu ƙaya irin su gawo da aduwa, darbejiya da turare kuwa kusan wayam. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tsohuwa na zuba ganyen darbejiya a rumbu don korar ƙwari. Bishiyar da ƙwaro ya ƙi ba ta da abin da za ta ba tsuntsu mai cin ƙwaro.

Masu kare darbejiya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tana saurin tashi, tana jure fari, dabbobi ba su cika damun ta ba, alhali ɗan gawo ko ɗan kuka akuya ɗaya ta ishe shi. In ƙungiya na da shekara uku ta nuna wa masu ba ta kuɗi aiki, me zai sa ta zaɓi mai wuya? Amsa ta fito daga Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM, ya gaji da ganin dashensa na mutuwa, sai ya lura cewa tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututture masu rai, saiwarsu na can ƙasa inda laima take. Manomi zai zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa, ya gyara na ƙasa, shi ke nan. Ba leda, ba ban ruwa. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Binciken da aka yi daga baya da hotunan sama ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma gawo ne da kalgo da sabara da magarya da danginsu. Ashe na gida ba shi da jinkiri in an fara daga saiwar da ta riga ta kafu.

Abin da ya saki hannun manoma bai tsaya ga dabarar datsa ba. Tun zamanin Turawa doka ta mai da itace na hukuma, har mutum kan ji tsoron barin bishiya a gonarsa kada malamin daji ya ci shi tara ranar da ya sari reshe. Da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai ya rena. Nan ne kuma wata hujjar ta fi ciwo, domin raƙumin dawa na shiga gona ya cinye wake, ya tsinke mangwaro, manomi kuma na tsoron bishiya ta zame masaukin jan-baki mai cinye gero. Wannan asara ce ta gaske, kuma ƙungiyar da ta yi kamar ba ta gani ba tana ɗora wa talaka kuɗin sha'awar wasu. Abin da ke rage zafin shi ne bishiyar da dabbar ke so ita ce wadda manomi ma ke so: gawo na ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa abincin tumaki ne a tsakiyar rani, aduwa da kuka kuwa har tukunya suke shiga. Sauran giɓin shi ne wurin da kuɗin ƙungiya ya kamata ya toshe.

To in manoma sun yi wannan da wuƙarsu, ina amfanin masu tallafi? Akwai wuraren da kututturen ma ya mutu, ƙasa ta zama fako, dole a tara iri, a yi gandun reno, a haƙa ramukan tare ruwa, a biya mai gadi ya kore awaki rani bayan rani. Wannan aikin ba ya kyau a hoto, shi ya sa kuɗi ke gudun sa. A Turkiyya an dasa itatuwa miliyan 11 rana ɗaya, 11 ga Nuwamba 2019, ba a cika wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun bushe, ko da yake gwamnati ta musanta. Akwai kuma aikin da ƙauye ba zai iya shi kaɗai ba. A Nuwamba 2018 gwamnatin Nijar da gidauniyar Giraffe Conservation Foundation da abokan aikinsu suka ɗauki raƙuman dawa takwas a mota, tafiyar kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya ba. An ƙara huɗu a 2022, kuma tuni aka fara haihuwa a can, a dajin da makiyaya ke kiwo a gefensa.