Kada ka yi gaggawar wanke katin kyamara don hoto ya ƙi fitowa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Abidjan sarin kaya ya san tashar jiragen ruwa ta Treichville, wadda mutanen gari ke kira Gare lagunaire, inda jiragen fasinja na kamfanin SOTRA ke tsallaka tafkin Ébrié da jama'a zuwa Plateau, daga can kuma mutum ya nemi motar Adjamé. Tsakanin waɗannan kasuwanni biyu, Treichville da Adjamé, fatakenmu kan wuni suna duba atamfa da takalma da kayan lantarki, kuma tun shekarun 2000 da kyamarar dijital ta yi arha, da yawansu suka ɗauki ɗabi'ar ɗaukar hoton samfurin kaya don nuna wa abokan ciniki a Jibiya ko Illela ko Birnin Konni, da kuma hoton dilolin kaya kafin a loda su a mota. Irin wannan hoto shaida ne, domin ranar da aka ce dila ɗaya ta ɓata a hanya, shi ne ke raba gardama.

Matsalar da ta fi wahalar da mutane ita ce, sai batirin kyamararka ya mutu, ka zare katin ka sa a ta abokin tafiyarka kuna zaman jiran jirgi, sai ta ce babu hoto, ko kuma ta nemi a wanke katin. Daga nan asara iri biyu ke fitowa. Wani zai koma Black Market ta Adjamé ya kama wanda ya sayar masa da katin da faɗa, yana cewa jabu ne. Wani kuma zai danna maɓallin amincewa, ya share aikin kwana uku da hannunsa. A mafi yawan lokuta hotunan suna nan lafiya lau, kyamarar ce kawai ba ta gane su ba.

Mai karatu, kyamara ba kwamfuta ba ce, ba ta bincike ko'ina a cikin kati. A shekarar 1998 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan ta fitar da wata ƙa'ida da ake kira DCF, wadda kusan duk kamfanonin kyamara suka bi. Ƙa'idar ta ce dole a sami babbar folda mai suna DCIM, a cikinta kuma ƙananan foldoji waɗanda sunansu ke farawa da lamba uku daga 100 zuwa 999, sannan haruffa biyar su biyo baya. Shi ya sa za ka ga Canon tana rubuta 100CANON, Sony kuma 100MSDCF. Sunan hoton kansa haruffa huɗu ne da lamba huɗu, kamar IMG_0001 na Canon ko DSCF0001 na Fujifilm. To, da zarar an kai katin shagon kwamfuta, yaron shago ya canza wa hoto suna zuwa "atamfar Alhaji" don a riƙa gane shi, ko ya fitar da shi daga DCIM ya ajiye a wata folda, shi ke nan, kyamara ta makance a kansa, har wadda ta ɗauke shi ma.

Akwai kuma wani abu a ɓoye cikin kowane hoto da ake kira Exif, inda ake rubuta sunan kyamara da ranar ɗauka da wani ɗan ƙaramin kwafin hoton wanda kyamara ke fara nunawa. Idan an gyara hoto a kwamfuta, ko an juya shi, ko an aiko shi ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya kuma cire waɗannan bayanai, kyamarori da yawa ba za su karɓe shi ba. Ga mai son hoto ya zama shaida, wannan babban al'amari ne, domin ranar ɗauka ta tafi. A aika shi a matsayin fayil, ta hanyar da ake aika takarda, sai ya isa yadda yake. Haka nan tsohuwar kyamara mai megafiksel 3 takan kasa buɗe hoton da mai megafiksel 20 ta ɗauka, ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta.

Sai batun katin kansa, kuma a nan laifin kamfanoni ne, kowa ya so ya ɗaure mai saye a turkensa. Sony ta fito da Memory Stick a 1998, Olympus da Fujifilm suka haɗa kai suka yi xD a 2002, alhali SanDisk da Toshiba da Panasonic sun riga sun kawo SD a 1999. SD ɗin ne ya ci kasuwa daga baya, amma shi ma iri-iri ne. Na asali bai wuce gigabayit 2 ba. A 2006 aka yi SDHC mai kaiwa 32, a 2009 kuma SDXC wanda ya haura haka, da tsarin ajiya daban mai suna exFAT. Siffarsu ɗaya, ramin da suke shiga ɗaya, amma kyamarar 2004 ba ta san SDHC ba, balle SDXC. Ita ce za ta ce maka a wanke kati, kuma a kyamarorin Abidjan da aka saita da Faransanci kalmar da za ka gani ita ce Formater. Wanda bai iya Faransanci ba ya riƙe wannan kalma da kyau, idan ya gan ta ya kashe kyamarar ya zare katinsa.

Manyan kyamarori suna da nasu ɗanyen fayil, NEF na Nikon, CR2 na Canon, ARW na Sony, waɗanda ba sa buɗuwa a kyamarar wani kamfani. Wayar iPhone ma tun 2017 ta koma ajiye hoto a HEIC. Ɗan kasuwa ba ya bukatar ko ɗaya, ya saita na'urarsa a JPEG ya huta.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a daina yawo da kati daga kyamara zuwa kyamara. Ɗan ƙaramin makarancin kati da ake jonawa da waya ko kwamfuta yana nuna duk abin da ke ciki ba tare da la'akari da suna ko folda ba. A gefen katin SD akwai wani ɗan makulli, a tura shi ƙasa kafin a ba kowa aro. Idan kuwa an riga an wanke, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, domin manhaja irin PhotoRec, wadda kyauta ce, takan dawo da hotuna muddin sababbi ba su hau kansu ba.

Yanzu waya ta karɓe yawancin wannan aiki, sai dai tun wajen 2022 matasa a Amurka da Turai suka sake neman ƙananan kyamarorin shekarun 2000, wanda hakan ya dawo musu da daraja a wurin masu sayar da kayan gwanjo. Mai sarin irinsu a Adjamé ya riƙe katin SD na gigabayit 2 wanda babu komai a ciki don gwaji, ya ɗauki hoto da kyamarar a gaban mai shago, ya duba ya fito. Ita kuwa mai cin xD ko Memory Stick, ya tabbatar an haɗa masa da katinta kafin ya biya, saboda samun irinsu a kasuwannin bakin iyaka sai an sha wuya.