Motar Doya da Tambayar "Kuna Ina?"

Duk sanda yayana ya kira direbansa, tambayar ɗaya ce: "Kuna ina?" Shi kuma ya ce, "Alhaji, mun bar Bimbila, saura kaɗan mu shiga Yendi." Hanya kenan, da abin da aka ci daga cikinta. Bara da aka sa wa motar doyar na'urar bin sawu, 'yar aba kamar kwalin ashana da layin waya a ciki, na gane injiniyoyi ma amsar direban suka ɗauka.

Na'urar tana karɓar saƙon taurarin GPS, aƙalla huɗu, ta fitar da lambobi biyu na wuri tare da lokaci. In tana aikawa duk daƙiƙa 10, mota ɗaya ta tara ɗigo 8,640 a kwana guda. To ina ga jerin motocin albasar Nijar da ke ratsa Bawku? Ga shi ɗigon yakan kauce da 'yan mitoci. Da idona na ga motarmu a waya tsakiyar gonar mutane, alhali tana kan titi.

Shi ya sa ake yanka taswira guntu-guntu, daga mahaɗa zuwa mahaɗa: Salaga zuwa Bimbila, Bimbila zuwa Yendi, kowane da lambarsa. Kwamfuta ta jawo ɗigon kan guntun da ya dace da inda motar ta fito, ta ajiye lambar guntu, nisan da aka ci, da lokaci. Muddin gudun bai sauya ba, lissafi ya ishe ta, ba sai an sake aikowa ba.

GhanaPostGPS, tsarin adireshin da aka ƙaddamar a 2017, ya raba ƙasar Ghana zuwa murabba'ai masu mita 5 kowane gefe. Wannan ya dace da gida, da yake gida ba ya tafiya. Mota kuwa nisanta na hanya ne. Tsakanin Makango da Yeji ruwan Volta ne, sai an hau jirgin fito. In ba a shigar da fiton a taswira a matsayin guntun hanya ba, motar ta ɓace wa lissafi.

Abin da ke damuna shi ne hanyoyin ƙauye, inda ake lodin doyar. Ranar da motar ta kafe a taɓo bayan Salaga da damina, waya ta nuna ta a fili fetal, ba hanya ba suna. Sai da yaron mota ya hau tudu ya samu sabis, ya kwatanta mana wurin da wata kuka.